Daga Singafo zuwa New York: kilomita nawa ne, kuma me ya sa awannin ba sa zama ɗaya?

Jama'a masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Tsakanin filin jirgin sama na Changi da ke Singafo da filin JFK da ke New York akwai tazarar kilomita kusan 15,350. Kamfanin Singapore Airlines yana yin wannan tafiya a tashi ɗaya, ba tare da ya ya da zango ko'ina ba, kuma a tikiti za ku ga an rubuta awa 18 da rabi zuwa awa 19. To amma jirgin da ke wannan aiki yana gudun kilomita kusan 900 a awa guda. Ku raba 15,350 da 900, za ku samu awa 17 da 'yan mintuna. Ina sauran awa ɗaya da rabi ko biyu suka shige? Amsar tana cikin siffar duniya, da iska, da mai, da kuma ƙasashen da ake ratsawa ta samaniyarsu.

Bari mu fara da tazarar kanta, domin a nan ne taswira ta fi yaudarar mutane.

Ga taswirar da kowa ya saba gani a bangon aji. Irinta ta samo asali ne daga Gerardus Mercator, wanda ya fitar da ita a 1569 domin matuƙan jirgin ruwa. Tana da amfani wajen riƙe alƙibla, amma tana kumbura duk abin da ya yi nisa da tsakiyar duniya. Shi ya sa Girinlan take fitowa kamar ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Idan kuka ɗora rula a kan wannan taswira, kuka ja layi miƙaƙƙe daga New York zuwa Singafo, layin zai ratsa Tekun Atilantika, ya bi ta arewacin Afirka, ya faɗa Tekun Indiya. A ido shi ne mafi kusa. A ƙasa kuwa tsawonsa ya kai kilomita kusan 18,500, wato ƙarin sama da kilomita 3,000 ke nan a banza.

Yanzu a ajiye taswira, a ɗauko ƙwallon duniya. A sami zare, a danne bakinsa ɗaya a kan New York, ɗayan a kan Singafo, sannan a ja shi ya yi tsam. Ku dubi inda zaren ya kwanta. Daga New York ya miƙe arewa sak, ya ratsa gabashin Kanada, ya wuce dab da ƙololuwar arewacin duniya, sannan ya gangaro ta Saiberiya, da Mongoliya, da China, har ya dire Singafo. Wannan layi shi masana ke kira babbar da'ira, domin yanki ne na da'irar da za ta raba duniya gida biyu daidai. Tsakanin kowane wuri biyu a doron ƙasa babu hanyar da ta fi shi gajarta, kuma duk adadin tazarar da kuke gani a manhajojin lissafin nisa, tsawon wannan layi ne.

A kan waɗannan birane biyu ma kuna iya tabbatar da lissafin da biro da takarda. Filin JFK yana kan digiri 40.6 arewa da layin tsakiyar duniya, saboda haka daga can zuwa ƙololuwar arewa saura digiri 49.4. Changi yana kan digiri 1.4 arewa, daga ƙololuwa zuwa can digiri 88.6 ke nan. Tun da biranen biyu kusan suna fuskantar juna ne ta bayan duniya, ɗaya a digiri 74 yamma, ɗaya a digiri 104 gabas, sai kawai a haɗa: 49.4 da 88.6 sun ba da digiri 138. Kowane digiri ɗaya kilomita 111 ne da ɗan ɗori. A ninka, a samu kusan 15,340. Bambancinsa da ainihin adadin bai taka kara ya karya ba.

A lura, matuƙa ba sa lissafi da kilomita. Suna amfani da mil na teku, wanda yake daidai da kilomita 1.852, kuma mil 60 na teku ne ke yin digiri ɗaya. Digiri 138 sau 60 ya ba da mil 8,280 na teku. Mil na tudu kuwa kilomita 1.609 ne, shi ya sa wani wuri za ku ga an rubuta mil 9,500 da 'yan kai. Tazara ɗaya ce, ma'auni uku. Kafin a kwatanta adadi biyu, a fara duba wane mil ake nufi.

Sai batun gudu. Jirgin da ke wannan hanya Airbus A350-900ULR ne. Idan ya kai saman da zai daidaita, tsakanin ƙafa 35,000 zuwa 41,000, yana tafiya ne da kashi 85 cikin 100 na saurin sauti. A wannan tsawo sanyi yana kai digiri 56 ƙasa da sifili, sauti kuma yana gudun kilomita kusan 1,060 a awa, don haka jirgin yana yin kusan 900. To ga inda gizo ke saƙar: wannan 900 gudunsa ne a cikin iska. Gudunsa a kan ƙasa, wanda shi ne ke kai fasinja inda za shi, wani abu ne daban, domin iskar da yake ciki ita ma tafiya take yi.

A tsawon kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa akwai wasu zirin iska masu ƙarfi da ke kewaya duniya daga yamma zuwa gabas. Mu kira su kogin iska. Suna samuwa ne inda iska mai sanyi ta yankin ƙanƙara ta haɗu da iska mai ɗumi, juyawar duniya kuma ta karkatar da su gabas. Gudunsu yakan kai kilomita 150 zuwa 250 a awa, a lokacin hunturun arewacin duniya kuma yana iya haura 300, musamman a saman Japan da arewacin Atilantika. Jirgi a cikinsu tamkar kwale-kwale ne a kogi: mai bin ruwa ruwan yana ƙara masa, mai hawa ruwan yana rage masa, alhali tuƙin iri ɗaya ne.

Misali mafi sauƙin gani shi ne New York da Landan, tazarar kilomita kusan 5,550. A ɗauka iska tana kaɗawa gabas da kilomita 150 a awa tun daga farko har ƙarshe. Mai zuwa Landan zai yi 1,050 a kan ƙasa, ya isa cikin awa 5 da minti 17. Mai dawowa zai yi 750, ya ɗauki awa 7 da minti 24. Ku haɗa su, awa 12 da minti 41 ke nan. Da babu iska sam, zuwa da dawowa awa 12 da minti 20 ne. Wato abin da iska ta ba ka a zuwa bai kai abin da ta ƙwace a dawowa ba, saboda ka fi daɗewa a cikin iskar da ke yaƙar ka. Wannan ne ya sa masu tsara hanya suke shiga tsakiyar kogin iska in za a yi gabas, suke kauce masa in za a yi yamma, ko da kaucewar za ta ƙara ɗaruruwan kilomita. A arewacin Atilantika, cibiyoyin kula da zirga-zirga na Gander a Kanada da Shanwick a ɓangaren Birtaniya da Ailan suna fitar da sababbin layukan bi kowace rana, gwargwadon inda iskar ta karkata.

A watan Fabrairu na 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. Gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa. Wasu suka ce ya zarce saurin sauti. Bai zarce ba. A cikin iskar da ke ɗauke da shi, gudunsa na kullum yake yi.

Akwai kuma masu cewa tafiya gabas ta fi sauri ne don ƙasa tana juyawa a ƙarƙashin jirgi. Wannan magana ba ta da tushe. Iska tana juyawa tare da duniya, jirgin ma da wannan juyi ya tashi. In da juyawar ƙasa ce ke kawo wa jirgi inda za shi, ai tafiya yamma ce za ta fi sauri, tun da ƙasa gabas take juyawa.

Mu koma kan Singafo da New York, domin a nan lamarin ya fi ban sha'awa. Tun da biranen suna kusan fuskantar juna, bi ta gabas ko ta yamma ba su da wani bambancin a zo a gani. Daga Singafo, jirgin yakan nufi arewa maso gabas, ya bi ta kusa da Japan, ya haye arewacin Tekun Fasifik, ya shigo ta Alaska ko yammacin Kanada, iska na tura shi. In zai dawo kuwa, sau da yawa ba ya komawa ta inda ya fito. Sai ya ci gaba da yin gabas, ya haye Atilantika, ya ratsa Turai, ya bi ta Gabas ta Tsakiya da Indiya, iska dai na bayansa. Zuwa da dawowa, jirgi ya kewaye duniya ke nan. Kilomitocin da yake ci a zahiri sukan haura 16,000, wani lokaci su doshi 17,000, amma yana isa da wuri fiye da in ya bi gajeriyar hanya iska na dukan hancinsa. Mai tsara tafiya ba kilomita yake ƙirgawa ba, mintuna da tan-tan na mai yake ƙirgawa.

Hanyar ƙololuwar arewa tana da nata matsalolin. Filayen da babban jirgi zai iya sauka cikin gaggawa a can ba su da yawa. Sanyi ma abin lura ne: man Jet A da aka fi sha a Amurka yana fara daskarewa a digiri 40 ƙasa da sifili, Jet A-1 da ake sha a yawancin sauran ƙasashe kuma a 47. Idan man da ke cikin fikafikai ya kusa wannan mataki, dole matuƙi ya sauko inda iska ta fi ɗumi ko ya ƙara gudu, kowanne kuma mai yake ci. Sannan ga siyasa. Daga 2022 Rasha ta rufe samaniyarta ga jiragen Tarayyar Turai, da Birtaniya, da Amurka, da Kanada, wasu kamfanonin kuma suka daina bi don kansu. Jirgin Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo, wanda a da yake ɗaukar awa 9 da rabi, ya koma kusan awa 13. Biranen suna nan inda suke, hanyar ce ta canza.

Wata doka kuma tana lanƙwasa hanya, ita ce ta jirage masu inji biyu, wadda ake kira ETOPS. Kafin 1985, ƙa'idar ita ce kada irin wannan jirgi ya yi nisan da ya wuce tafiyar minti 60 da inji ɗaya daga filin da zai iya sauka. Da injuna suka ƙara inganci aka ɗaga zuwa minti 120, sannan 180, kuma A350 ya samu izinin har minti 370. Mai tsara hanya yana zana da'ira kewaye da kowane filin ko-ta-kwana, layin tafiya kuma dole ya zauna cikin da'irorin nan daga farko har ƙarshe. Idan hasashen yanayi ya nuna ɗaya daga cikin filayen ba zai sauku ba a daren, an cire da'irarsa, sai hanya ta karkata.

Yanzu mai. Tankunan wannan jirgi suna ɗaukar lita 165,000. Kowace lita tana da nauyin kusan gram 800, wato tan 130 da ɗoriya in an cika maƙil, alhali nauyin da aka yarda jirgin ya tashi da shi gaba ɗaya tan 280 ne. Kusan rabin jirgin mai ne. Yana shan kusan tan 6 a awa in an daidaita, ya fi haka a farko, ya gaza haka a ƙarshe. Ba man tafiya kaɗai ake zubawa ba. Akwai na gangarawa zuwa titin tashi, akwai ƙarin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 don abin da ba a zata ba, akwai na zuwa wani fili in na farko ya ƙi, sannan akwai na shawagin minti 30 wanda ba a taɓa shi sai a halin gaggawa.

Nauyin nan yana shafar lokaci kai tsaye. Jirgin da ya tashi da tan 280 ba zai iya hawa ƙafa 41,000 nan take ba. Yana farawa daga ƙasa-ƙasa, inda iska ta fi kauri kuma injuna suka fi shan mai. Bayan wasu awanni, nauyi ya ragu, sai matuƙi ya nemi izinin ƙara ƙafa 2,000, haka-haka har sau uku ko huɗu kafin a isa. Idan wani jirgin ya riga ya tare matakin da ake so, sai a haƙura a zauna a ƙasa, mai na ƙonewa fiye da lissafi. Kuma ɗaukar mai shi kansa mai yake ci: man da za a ƙona a awa ta 18 sai an yi dakonsa awa 17. Wannan ne dalilin da ya sa kujerun jirgin 161 ne kacal, babu ajin talakawa a ciki, alhali A350-900 na yau da kullum yana ɗaukar fasinja 250 zuwa sama da 300. Shi ne kuma dalilin da ya sa aka dakatar da hanyar Singafo zuwa Newark, wani filin jirgin sama da ke dab da New York, a 2013, bayan an fara ta a 2004 da A340-500 mai inji huɗu. Man ya yi yawa, kuɗin bai fita ba. Sai a 2018 aka dawo da ita da wannan jirgi mai inji biyu.

To me ke ɓata lissafi a hanya? Mafi yawa rashin lafiyar fasinja. A ce awa 2 da tashi wani ya faɗi. Jirgin yana da nauyin da ya zarce wanda aka yarda ya sauka da shi, wato tan 200 da 'yan kai. Ko dai a zubar da mai a sama in jirgin yana da na'urar yin haka, ko a yi ta shawagi ana ƙona shi, ko a sauka da nauyin a haka, injiniyoyi su duba ƙafafu da birki kafin a sake tashi. Bayan wannan ga agogon ma'aikata. Matuƙa huɗu ne a irin wannan tafiya, biyu na aiki biyu na hutawa a ɗakin barci, kuma doka ta ƙayyade awannin da za su yi a bakin aiki. A tafiyar awa 19 rarar ba ta da yawa. Tsayawar awa 2 ko 3 a wani fili tana iya cinye ta, sai a kwana a nan ko a jira wasu matuƙan.

Abin da ke kan tikiti kuma ba lokacin shawagi ba ne. Ana fara ƙirga shi daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda fasinja suka shiga, a rufe shi sa'ar da ya tsaya a inda za su fita. A fili mai cunkoso irin JFK, layin jiran tashi kaɗai yana iya cin minti 20 zuwa 40. Hawa sama yana ɗaukar kusan rabin awa, saukowa ma haka, kuma duka biyun ba a cikakken gudu ake yin su ba. A ƙasa da ƙafa 10,000, a wurare da yawa, ba a wuce mil 250 na teku a awa, wato kilomita 460. Kamfanoni kuma suna ƙara 'yan mintuna a jadawali don kada a riƙa cewa sun makara, kuma jadawalin hunturu yakan bambanta da na bazara saboda ƙarfin iska.

Ga hanyar kintace da za ta yi muku aiki a kan kowane birane biyu masu nisa. A nemo tazarar babbar da'ira da kilomita. A raba da 850 maimakon 900, don a shigar da hawa da sauka da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe. A ƙara minti 30 zuwa 45 na ƙasa. Singafo zuwa New York: 15,350 a raba da 850, awa 18, a ƙara minti 40, an samu awa 18 da minti 40. New York zuwa Landan: awa 6 da rabi, a ƙara minti 40, awa 7 da minti 10. In tafiyar gabas ce a yankin kogin iska a ɗan rage, in yamma ce a ƙara kusan awa guda a irin wannan tazara. Inda lissafin ke faɗuwa shi ne hanyar da ke da rufaffiyar samaniya a tsakani; nan sai an auna hanyar zagayen, ba zaren ƙwallo ba.

Saura agogo, wanda ya fi komai rikita matafiya. Lokutan da ke kan tikiti kowanne na garinsa ne: na tashi agogon inda aka tashi, na sauka agogon inda aka sauka. Singafo tana gaban agogon duniya na UTC da awa 8 duk shekara. New York tana bayansa da awa 5, amma daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadi ta farko a Nuwamba tana komawa awa 4. Saboda haka ratar da ke tsakaninsu awa 12 ce a bazara, 13 a hunturu.

A ce jirgi ya bar Singafo da ƙarfe 12 na rana ranar Litinin, a watan Yuli, tafiyar awa 18 da rabi. A agogon Singafo zai isa ƙarfe 6:30 na safiyar Talata. A cire awa 12, ya zama 6:30 na yammacin Litinin a New York. Wanda ya kalli tikiti kawai zai zaci awa 6 da rabi aka yi. A dawowa kuma, a ce an tashi 10:30 na daren Litinin, tafiyar awa 19. A agogon New York 5:30 na yammacin Talata ne, a ƙara awa 12, ya zama 5:30 na asubahin Laraba a Singafo. Shi ya sa za ku ga an maƙala +2 kusa da lokacin sauka, ma'ana kwanan wata ya ci gaba da kwana biyu. Mai kama ɗakin otal ko mai haɗa wani jirgin daga can, da wannan kwanan wata zai yi aiki. In tafiyar ta faɗo a makon da Amurka ke sauya agogo, a sake duba ratar, domin awa ɗayan nan ta isa ta sa mai tarbar ku ya zo da wuri, ko jirgin gaba ya tashi ya bar ku.